TUNANI YA YI YAWA: DABARUN SAUKE NAUYIN ZUCIYA DA NEMAN SHAWARA TA WAYA

Jawabin shirin yaƙi da jahilci na gidan rediyon ƙasa, domin azuzuwan manya na gundumomin Tasawa da Mayahi

Ina gaida mutanen Tasawa da Maijirgi da Korgom da Kona da Urafan. Ina gaida mutanen Mayahi da Kanambakashe da Isawan da Sarkin Hausa, da dukan jama'ar Gulbin Kaba. Allah ya ƙara basira, ya sa albarka cikin karatunku.

Darasinmu na yau a kan wani ciwo ne wanda ba ya zubar da jini, ba ya kumburi, ba a kuma ganinsa da ido. Amma yana hana barci, yana hana aiki, yana raba miji da mata. Sunansa damuwa. Za mu ga abin da take yi wa jiki. Za mu koyi dabaru huɗu na rage ta, waɗanda ba a biyan ko dala. Daga nan za mu duba yadda ake neman shawara ta wayar salula ba tare da an faɗa hannun macuta ba. Ku karanta a hankali. Inda kuka tsaya, ku koma baya ku sake.

MECE CE DAMUWA?

Kowanenku ya san irin wannan dare. An kwanta, gari ya yi tsit, amma ido ya ƙi rufuwa. Tunani yana zuwa ɗaya bayan ɗaya. Rumbu ya kusa ƙarewa, ga shi hatsi bai nuna ba. Mai bashi zai dawo ran kasuwa. Yaron da ya tafi biɗa Libiya ko Aljeriya ya yi wata uku ba labari. Uwargida da amarya ba sa ga maciji. Haka mutum zai yi ta juyi har a kira assalatu.

Wannan abu hawa uku gare shi, ya kamata ku rarrabe su.

Na farko, damuwa ta yau da kullum. Matsala ta zo, zuciya ta yi nauyi. Matsala ta wuce, zuciya ta sake. Wannan kowa yana yinta.

Na biyu, fargaba. Ita ce tsoron abin da bai zo ba tukuna. Gaba yana ta faɗuwa, mutum yana jin kamar wani mugun abu zai auku, alhali ba abin da ya auku.

Na uku, baƙin ciki mai daɗewa. Mutum ya daina jin daɗin kome. Abinci ba daɗi, hira ba daɗi, biki ba daɗi. Ya ga kansa ba shi da amfani. In wannan ya wuce mako biyu kullum ba sauƙi, to ya zama ciwo, kuma yana da magani.

Ku riƙe wannan da kyau: duk ukun nan ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Malami yana yinsu, mai gari yana yinsu, likita ma yana yinsu.

ABIN DA KE FARUWA CIKIN JIKI

A ce kana noma, sai ga maciji a gindin gero. Nan take zuciya za ta buga da ƙarfi, numfashi ya yi sauri, zufa ta karyo, jijiyoyi su ɗaure. Jiki ne ya saki wani sinadari cikin jini, ana kiransa adirenalin, don ka sami ƙarfin gudu ko ƙarfin duka. Wannan rahama ce. Maciji ya tafi, jiki ya koma daidai.

To, matsalar ita ce jiki ba ya bambanta maciji da bashi. In ka kwana kana tunanin bashi, jiki zai tashi tsaye kamar ga macijin nan a gabanka. Maciji yana tafiya cikin minti ɗaya, amma bashi yana iya shekara. Shi ya sa mai damuwa yake kuka da ciwon kai, da ciwon wuya, da zafin ƙirji, da ɓacin ciki, da kasala, da saurin fushi. Ciwon na gaske ne, ba ƙarya yake yi ba. Sai dai tushensa yana cikin tunani.

BA MU KAƊAI BA NE

Mutanen jahar Maradi sun san wahala. Manyanku ba su manta da yunwar 2005 ba, wadda ta biyo bayan fari da farin dango na 2004. Wanda ya ga irin wannan shekara, ko ruwa ya yi jinkirin kwana goma sai gabansa ya faɗi. Ruwa ba ya tsami banza.

Amma abin bai tsaya a ƙasarmu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 970 ke fama da wani ciwo na tunani, wato mutum 1 cikin kowane 8. Cikinsu miliyan 301 fargaba ce ke damunsu, miliyan 280 kuma baƙin ciki mai daɗewa. A shekarar 2020, da annobar korona ta zo, waɗannan ciwo biyu suka ƙaru da kashi 25 cikin 100. Ku yi lissafi da kanku: a bisa wannan ƙidaya, cikin taron mutum 24 ana iya samun 3. Watakila wanda ke zaune kusa da kai a aji yana cikinsu, bai dai faɗa ba. Don a tuna da su ne aka keɓe ranar 10 ga watan Oktoba ta kowace shekara, tun daga 1992.

TSOFAFFIN MATA A KAN BENCI

Likitocin tunani kaɗan ne a Afirka, mafi yawansu kuma suna manyan birane. To, yaya talakan ƙauye zai yi? Ku ji abin da aka yi a wata ƙasar Afirka mai suna Zimbabuwe.

Akwai wani likita a Harare, babban birninsu, sunansa Dokta Dixon Chibanda. A shekarar 2005 wata yarinya da yake yi wa magani ta kashe kanta a ƙauyensu. Da ya tambayi abin da ya hana a kawo ta asibiti, sai uwarta ta ce ba su da kuɗin mota. Abin ya tsaya masa a rai. A 2006 ya tara tsofaffin mata 14 a wata unguwa mai suna Mbare. Ya koya musu yadda ake sauraron mutum, da yadda ake taimaka masa ya warware matsalarsa da kansa. Aka kafa musu benci na katako a harabar gidan likita. Aka sa wa shirin suna Bencin Zumunci. A harshensu na Shona suna kiran ciwon kufungisisa, ma'anarsa tunani ya yi yawa. Kun ji, daidai da yadda mu ma muke faɗi.

Daga baya aka auna aikin a kan mutum 573, aka buga sakamakon a 2016. Bayan wata 6, cikin kowane mutum 100 da suka yi zama shida a benci, wajen 14 ne kawai ke da sauran alamun baƙin ciki mai daɗewa. Cikin 100 da ba su zauna ba kuwa, wajen 50 ne. Da korona ta hana taro, sai aka riƙa yin wannan zama ta waya da WhatsApp.

Darasin da ke ciki a fili yake. Abin da ya warkar da mutanen nan shi ne kunne mai sauraro, da baki mai riƙe asiri, da dabara mai tsari. Duk ukun nan akwai su a Tasawa, akwai su a Mayahi.

DABARU HUƊU

A shekarar 2016 hukumar OMS ta fitar da wani tsari mai suna PM+, bayan an gwada shi a Pakistan da Kenya. An shirya shi ne don wanda ba likita ba ya iya koya wa jama'a cikin zama biyar. Dabaru huɗu ne a cikinsa. Ga su nan cikin harshenmu.

Dabara ta 1: Numfashi a hankali

Ka zauna a kan tabarma, ko ka jingina da bango. Ka saki kafaɗunka. Ka ɗora hannu ɗaya a kan ciki. Ka ja iska ta hanci kana ƙirga ɗaya, biyu, uku a zuciya, har ka ji cikin ya taso kamar salka ta cika. Sa'an nan ka sake ta a hankali, ɗaya, biyu, uku. Ka yi ta yi har minti biyu ko fiye. In ka ji jiri, to ka yi sauri ne, sai ka rage.

Me ya sa wannan ke aiki? Saurin numfashi yana gaya wa jiki akwai haɗari. Numfashi a hankali yana gaya masa haɗari ya wuce, sai bugun zuciya ya sauka. Kada ka jira sai ranka ya ɓaci. Ka koya tun kana lafiya, safe da dare, misali bayan sallar asuba da bayan lisha. Ba a fara koyon iyo ran da gulbi ya kawo.

Dabara ta 2: Rubuta matsala, ka raba ta

A nan ne karatunku zai yi muku rana. Matsala in tana cikin kai, takan zama kamar kayan da aka zuba cikin buhu ɗaya, ba ka san abin da ke ciki ba sai nauyi. In ka rubuta ta, ka zazzage buhun ke nan.

Ka ɗauki littafinka ka ja layi a tsakiya. A dama ka rubuta: ABIN DA KE HANNUNA. A hagu ka rubuta: ABIN DA BA YA HANNUNA.

A ce wani magidanci ne cikin watan Agusta. Abu huɗu ke damunsa: ruwan sama ya ɗauke, hatsi ya yi tsada a kasuwa, ana binsa bashin jika goma, ƙaramin ɗansa kuma yana zazzaɓi. Ruwan sama ba ya hannunsa. Tsadar kasuwa ba ta hannunsa. Waɗannan sai addu'a da tawakkali. Amma zazzaɓin yaro yana hannunsa: yau ɗin nan ya kai shi likita. Saura bashi. Ga yadda zai bi da shi:

1. Ya rubuta matsalar a gajarce: "Ana bina jika goma, an ce in biya ran kasuwa mai zuwa."
2. Ya rubuta duk hanyar da ta zo masa, kome ƙanƙantarta: sayar da ɗan akuya, yin barema kwana biyar a gonar wani, roƙon mai bashi a raba biyan kashi uku, neman taimakon ƙanensa da ke Kano.
3. Ya duba kowace ɗaya: me za ta ci, me za ta kawo?
4. Ya zaɓi ɗaya ko biyu.
5. Ya sa rana da lokaci: "Gobe bayan la'asar zan tafi wurin mai bashi tare da liman."
6. Bayan mako guda ya buɗe littafin ya ga abin da ya yiwu. In hanyar ba ta ɓulle ba, ya ɗauki ta biyu.

Ku lura, matsala ɗaya ake ɗauka a lokaci ɗaya, kuma da ƙarama ake farawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Dabara ta 3: Tashi ka motsa

Baƙin ciki yana da wata muguwar dabara. Yana cewa: "Kwanta, sai ka ji daɗi tukuna ka tashi." Mutum ya kwanta, aiki ya taru, ransa ya ƙara ɓaci, ya ƙara kwanciya. Haka abin yake zagayawa kamar jaki a masussuka. Maganinsa shi ne a juya maganar: ka fara tashi, jin daɗi ya biyo baya.

Ka zaɓi abu ɗaya ƙarami wanda dā kake yi ka daina. Ba akuya ruwa. Share tsakar gida. Zuwa masallaci a ƙafa. Zama a fada ko a dandali na rabin awa. Kitso. Saƙar tabarma. Zuwa aji. Ka rubuta shi da ranar da za ka yi, in ka yi ka sa alama. Ko zuciya ba ta so, ka yi. Mako mai zuwa ka ƙara ɗaya.

Dabara ta 4: Nemi mutane

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai damuwa yakan janye jikinsa daga mutane, alhali a lokacin ne ya fi bukatarsu. Ka rubuta sunan mutum uku da ka amince da su. Ka zaɓi ɗaya ka je ka ce masa: "Akwai abin da ke damuna, ina so ka saurare ni." In nauyin baki ya hana ka, ka fara da gaisuwa kawai. Zumunta a ƙafa take.

Mata, kuna da abin alfahari a nan. A jaharmu ta Maradi ne aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a shekarar 1991, tare da ƙungiyar CARE, daga nan dabarar ta bazu zuwa ƙasashe masu yawa. Kowane mako ana haɗuwa a zuba kuɗi cikin akwati. Amma ku da kanku kun sani ba kuɗi kaɗai ake zubawa a wurin ba. Ana zuba damuwa ma, a tashi da sauƙi.

In kuma kai ne aka zo wa, ga aikinka: ka saurara har ya gama. Kada ka yi dariya. Kada ka yi saurin cewa "ai ba kome". Kada ka kai maganar gaba.

ZAMAN AURE DA ZAMAN GIDA

Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Amma yawancin faɗan gida, in ka bi salsala, damuwa ce ta fito ta wata ƙofa. Maigida ya dawo daga kasuwa hannu wofi, kunya ta hana shi faɗi, sai ya huce a kan miya. Uwargida ta gaji tun daga daka har rijiya, sai ta huce a kan ƴaƴa. Ga abu biyar da za su taimaka:

1. Kada a yi magana mai nauyi cikin fushi, ko cikin yunwa, ko a gaban yara. In rai ya ɓaci, a fita waje a yi numfashin nan, a dawo.
2. A faɗi abin da ake ji, a bar zargi. "Raina ya ɓaci da ba ka gaya mini ka sayar da tunkiyar ba" ya fi "kai kullum haka kake".
3. Magana ɗaya a zama ɗaya. Kada a tono ta bara.
4. Ɗaya ya yi magana, ɗaya ya saurara, sa'an nan a juya.
5. Mai mata biyu ko fiye ya yi adalci a kwana da cefane, kada ya kai maganar wannan ɗaki zuwa wancan.

In maigida ya tafi cin rani, ku sa ranar kira tun kafin ya tashi, misali kowace Juma'a da dare. Ko ba shi da abin aikowa, ya kira. Shiru ya fi rashin kuɗi cin rai. Kuma a kiyayi aika saƙon murya cikin fushi. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi, don ana iya ajiye ta a sake ji, a kuma tura wa wasu.

Abu ɗaya dai ba a yi masa haƙuri: duka. Matar da ake duka ta sanar da waliyyinta, ko liman, ko mai gari, ta je likita a duba ta, in abin ya ci gaba a kai ga hukuma.

SHAWARA TA WAYA

Wayar salula ta shigo Nijar a shekarar 2001. Yau ga ta har ƙauyuka. Masu yaƙi da jahilci sun daɗe da gane amfaninta. A 2009 ƙungiyar agaji ta CRS ta fara wani shiri a ƙauyukan Dosso da Damagaram, inda aka koya wa ɗaliban ajin manya rubuta saƙo a waya. Da aka yi jarrabawa, waɗanda suka koya da waya sun fi sauran maki. Wato wayar da ke aljihunka allo ce ta biyu.

Yanzu a ƙasashe da yawa mai damuwa yana iya magana da masanin tunani ba tare da ya bar gidansa ba. Hanyoyin uku ne: kira na baki da baki, saƙo na rubutu ko na murya, da kira mai hoto ta intanet, inda kuke ganin juna. Akwai kuma darussa da ake sa wa cikin babbar waya mutum ya bi da kansa. Hukumar OMS ta gwada irin wannan a ƙasar Lebanon: darasi biyar a waya, da wani mataimaki mai kira na minti 15 kowane mako. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna baƙin cikin waɗanda suka bi shi ya ragu.

Amfanin wannan hanya a bayyane yake. Ba kuɗin mota. Ba a bar gona ba. Matar da ba ta fita tana iya samun mai saurarenta. Wanda ke jin kunyar a gan shi a ƙofar likita ya huta.

Amma ku san iyakarta. Layi yana yankewa, caji yana ƙarewa. Yawancin waɗannan darussa da Faransanci ko Turanci suke. A gidaje da yawa waya ɗaya ce ta kowa, asiri ba ya ɓoyuwa. Mai magana ta waya ba ya iya auna jininka, ba ya iya taɓa jikinka. Uwa uba, akwai macuta. Saboda haka ku riƙe waɗannan ƙa'idodi bakwai:

1. Hanya mafi aminci ita ce ka fara zuwa likitar garinku da ƙafarka. In majo ya gan ka, ka tambaye shi ko ana iya ci gaba da magana ta waya, da ranar da ta dace.
2. Wanda ba ka sani ba, in ya ce shi masani ne, ka tambayi cikakken sunansa da wurin aikinsa, ka sa a bincika maka.
3. Kada ka ba kowa lambar sirrin asusun kuɗinka na waya.
4. Kada ki aika wa kowa hoton jikinki, kome ya ce. Mai shawara na gaskiya ba ya neman wannan.
5. Kada ka sayi magani don wani ya faɗa a saƙon murya. Duk wanda ya ce zai warkar da kai cikin kwana uku in ka turo kuɗi, ɓarawo ne.
6. Kada ka zuba asirin gidanka cikin zauren WhatsApp mai mutum ɗari. Abin da ya shiga can ya shiga kasuwa.
7. Ka nemi wurin da ba kowa kafin ka kira. In wayar aro ce, ka goge saƙon bayan ka gama.

Wasu matasa kuma suna tambayar na'urorin nan masu amsa magana kamar mutum, irin su ChatGPT da ya fito a 2022. Ku sani na'ura ce. Tana iya ba da bayani mai amfani, tana kuma iya yin kuskure da cikakkiyar murya. Ba ta san gidanku ba, ba kuma za ta zo ta zauna da kai ran da abin ya yi tsanani ba.

Waya hanya ce kawai, kamar hanyar mota. Kafin ka hau, ka san wurin wanda za ta kai ka.

YAUSHE ZA A TAFI LIKITA BA JINKIRI?

Dabarun nan huɗu suna da iyaka. In an ga ɗaya daga cikin alamun nan, a ajiye waya a kama hanya:

1. Baƙin ciki ya wuce mako biyu, mutum ya kasa aiki, ya daina ci, yana ramewa.
2. Yana cewa gara ya mutu, ko yana shirin cutar da kansa.
3. Yana jin muryoyi ko ganin abin da ba wanda ke gani, ko ya kwana da yawa ba barci yana surutai.
4. Mai jego ta daina kula da jaririnta, tana ta kuka, ko tana tsoron za ta cutar da shi.
5. Ƙirji yana ciwo, ko numfashi yana sarƙewa. Hawan jini da ƙarancin jini suna iya kama da fargaba, sai an auna ake ganewa.

Wanda ya ambaci kashe kansa, kada a ce wasa yake yi. A tambaye shi a fili cikin taushin murya. Tambaya ba ta sa mutum ya aikata. Kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin ƙwari na gona, da igiya, da wuƙa, da ƙwayoyin magani daga inda zai kai hannu. A kai shi likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi asibitin gunduma a Tasawa ko Mayahi, daga can kuma zuwa Maradi. Kada a ɗaure shi da mari, kada a doke shi. Maras lafiya ne, ba mai laifi ba. Addu'a da magani tare suke tafiya, malamanmu sun sha gaya mana neman magani ba ya karya tawakkali.

Gargaɗi na ƙarshe ga matasa: taramol da sauran ƙwayoyi ba sa kashe damuwa. Suna rufe ta na ƴan awoyi, ta dawo da ƴaƴanta. Goro da shayi mai ƙarfi da dare kuma suna korar barci, mai fama da rashin barci ya bar su tun la'asar.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA A AJI

1. Mene ne bambancin damuwa ta yau da kullum da baƙin ciki mai daɗewa?
2. Me ya sa tunanin bashi yake kawo ciwon kai?
3. Ku faɗi dabaru huɗu da muka koya.
4. Wane abu ne ba za ka taɓa ba mai shawara ta waya ba?
5. A garinku, wa mutane suka fi kai wa kukansu? Me ya sa aka amince da shi?

AIKIN GIDA

Kowa ya ja layi a littafinsa, ya rubuta abu biyu da ke hannunsa da abu biyu da ba sa hannunsa. Wannan shafi naka ne, ba dole ka nuna wa malami ba. Ka zaɓi ɗaya daga na dama, ka sa masa rana. Sa'an nan ka karanta wa mutum ɗaya wanda bai iya karatu ba dabarar numfashi, ku yi ta tare.

A nan za mu dakata. Allah ya yaye mana damuwa, ya ba mu damana mai albarka, ya zaunar da gidajenmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.